Sallar Bana A Sabon Ibadan

 

Yarbawa suna kiran Babbar Sallah da suna Ileya, wato lokacin tafiya gida ya yi. Kuma da gaske suke, domin ranar jajibere tashoshin mota na Iwo Road da Ojoo cika suke maƙil, kowa ya nufi garinsu. Mu kuwa mazauna Sabo, unguwar da aka ware wa Hausawa tun 1916, gida da nisa. Kafin ka bi ta Ilori, ka haye gadar Jabba, ka wuce Mokwa har ka isa Kano, jiki da aljihu duk sun gaya maka. To bana ban je ba, kuma wallahi ban taɓa yin Sallar da na gode wa Allah kamar wannan ba.

Wata biyu kafin Sallah haihuwa ta zo wa maiɗakina da gardama. Misalin ƙarfe 2 na dare ne, babu ɗan'uwa ko ɗaya a kusa, nawa da nata duk suna Arewa. Maƙwabcina, wani Bayarabe makanike, shi ya tayar da motarsa ya kai mu asibiti. Aka yi mata aiki, ta zubar da jini sosai, likita ya ce a nemo leda 2 cikin gaggawa. Aka gwada nawa bai dace ba. Bawan Allan nan bai ce uffan ba, ya naɗe hannun riga. Leda ta biyu kuma mai shayin bakin layinmu ne ya bayar, wani Basakkwace da ba abin da ya haɗa mu sai gaisuwa da bashin burodi.

Matar makaniken ta riƙe mana yara biyu har kwana 9. Abin da ya biyo baya shi ne, yanzu ƙaramin ya ƙi tuwo, sai amala da miyar ewedu!

Duk wanda ya zauna a Kudu ya san yadda ake jefa mana kalmar "Aboki". Sau da yawa da raini ake faɗinta, kamar sunan mai gadi ko mai wankin takalmi, kuma tana ƙona rai. Shi ma maƙwabcin nawa haka yake kira na, ko da yake ya san sunana sarai. Amma mutumin da jininsa ke yawo a jikin uwar 'ya'yana, ai ya fi ni sanin ma'anar kalmar.

Dangi ma ba su bar mu ba. Hajiya ba ta iya doguwar tafiya saboda ciwon gwiwa, sai ta turo ƙanwata da gero da kanwa da yajin jego, ta zo ta tsaya kan wanka da kunun kanwa har aka yi arba'in. Kullum bayan Magariba Hajiya na kan WhatsApp, sai an nuna mata jaririyar, sai ta yi faɗan an sa mata kaya marasa kauri, alhali nan damina ce ba hunturu ba.

Kuɗin asibiti da ragon suna sun cinye na layya, ɗan taure kawai na iya samu a kara. Na ɗauki cinya guda na kai gidan makaniken. Ya juya ta, ya dube ni ya ce, "Aboki, wannan ai ba ta kai jinina ba." Na ce, "Baba, yi haƙuri, sauran bashi ne sai baɗi." Mai shayi kuwa ya ce shi hanta yake so, aka ba shi.

Da ƙafarta maiɗakina ta je Idi, goye da 'yar. Na hango ta a sahun mata bayan an sallame, na kasa ƙarasa gaisawar da nake yi da mutane.

In Allah Ya yarda ƙarshen shekara, in yara sun sami hutu, za mu kai wa Hajiya takwararta ta gani ido da ido. A taya mu da addu'a, ita ma Allah Ya ba ta sauƙin ƙafar.

Wassalam.