Mako Ɗaya a Ɗakin da Ba Naka Ba

Hazon da na baro a unguwarmu Badariya, a Birnin Kebbi, shi na tarar a Tenerife. Washegarin saukarmu na buɗe taga a garin Los Kiristiyanos, sai na ga teku ya dushe, tsibirin La Gomera da muka hango jiya da yamma ya ɓace ɓat. Mutanen wurin suna kiran wannan ƙura kalima. Daga Sahara iska ke kwaso ta, domin tsibirin, ko da yake na Sifaniya ne, kimanin kilomita 300 ne kawai tsakaninsa da gaɓar Afirka. A tashar jiragen ruwan garin nan ne wani lokaci ake jawo kwale-kwalen samarin da suka taso daga Senegal da Muritaniya. Amma ni ba ta teku na zo ba. Ɗan yayata da ke aikin jinya a Ingila ne ya haɗa tafiyar, ya ce shi da matarsa za su huta mako guda, kuma sai da ni.

Rana ta uku muna tafe a bakin teku wata budurwa ta tare mu da fara'a, ta miƙo mana kati irin wanda ake kankarewa, kamar na kuɗin waya a da. Nawa bai ci komai ba. Na matar ɗana kuwa ya ci, sai budurwar ta dafe ƙirji tana murna kamar ita aka ba kyautar: hutun mako guda kyauta. Sharaɗi ɗaya ne, mu je mu ga wani otal, mu saurari bayani na minti 90. Kafin ta kira tasi ta yi tambayoyi uku: ma'aurata ne, suna da aiki, suna da katin banki a jikinsu? A lokacin ban lura ba. Daga baya na gane cewa tantance kifi take yi, wanda ya isa kamu da wanda za a mayar ruwa.

Abin da ake sayarwa sai an yi bayani, domin ba mu da shi a kasuwarmu. Ba gida ba ne, ba kuma haya ba ce irin wadda muka sani. Mako ake sayar maka. Ɗaki ɗaya a otal, a raba shekararsa mako-mako, a sayar wa mutum kusan 50, kowa da lokacin zuwansa, kamar kwasar adashi. An fara wannan ciniki a Turai a shekarun 1960, a Suwizalan da tsaunukan Faransa, kuma asalin tunanin ba zamba ba ne. Alhazanmu ma na iya cin karo da irinsa: a 2003 wani kamfanin Kuwait mai suna Munshaat ya fitar da takardun amfani da ɗakunan benen Zamzam da ke gaban Harami a Makka, na shekara 24, kowa da kwanakinsa a shekara. Matsalar tana cikin abin da ba a faɗa da ƙarfi. Bayan kuɗin saye akwai kuɗin kula da gini da za ka biya duk shekara, ka zo ko ba ka zo ba, kuma hawa yake yi. In ka gaji ka ce za ka sayar, sai ka tarar babu mai saye. Gwamnatin Sifaniya ta san yaudarar da ke cikin sunan kansa, shi ya sa dokarta ta 1998 ta hana a kira abin da kowace kalma mai nuna mallaka.

Tasi ta yi tafiya da mu ta hau tudu, nesa da gari. Aka tarbe mu da shayi da burodi da 'ya'yan itace. Mutumin da aka haɗa mu da shi bai ambaci kuɗi ba har awa guda. Ya tambayi sunayen yara, ya nemi ganin hotunansu, ya nuna mana na 'yarsa. Da ya ji ni malamin makaranta ne mai ritaya sai ya ce mahaifiyarsa ma haka. Ya tambaye ni wane biki ne ya fi girma a ƙasarmu, ni kuwa na saki baki na ba shi labarin Argungu: yadda aka fara bikin a 1934 da ziyarar Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu, bayan tsohuwar gaba tsakanin Kabi da Sakkwato, yadda ake hana su a Matan Fada har ranar ta zo, yadda dubban masunta ke rugawa ruwa da homa da gora da zarar an buga bindiga, kowa na neman giwan ruwa. Ya saurara da kyau. Bayan awa biyu ya dawo mini da maganata. Ya ce a makon bikin nan ai masauki yana wuya a garin, ko? Na ce ƙwarai, har a Birnin Kebbi baƙi ke kwana. Ya ce to ka ga, da kana da makonka a ajiye, wa zai tayar da kai?

Wannan ya ba ni haushi fiye da komai a ranar. Na ba shi labarin gida da zuciya ɗaya, shi kuwa koto yake tarawa.

Daga nan aka zagaya da mu ɗakin gwaji mai kallon teku, aka dawo da mu wani babban zaure mai tebura da yawa, kowane tebur da ma'aurata da mai sayarwa. Kiɗa na tashi daidai yadda ba za ka ji abin da ake faɗa a tebur na kusa ba. Ya ɗauko farar takarda yana lissafi da alƙalami: abin da za ku kashe a otal cikin shekara 20 ga shi, namu ga shi. Kuɗin kula da gini bai shiga lissafin ba sai da matar ɗana ta tambaya. Jefi-jefi sai a yi tafi a wani lungu, a ce wasu sun sa hannu. Ɗana ya ce za mu yi shawara. Sai aka kira manaja, ya zauna ba murmushi, ya tsaga farashin kusan biyu, ya ce wani ne ya fasa da safen nan, kuma tayin na yau ne kaɗai, in mun fita ƙofa ya wuce. Da muka sake cewa a'a, na farkon ya sunkuyar da kai, ya ce a hankali yini guda ya ɓata a kanmu kuma da la'ada yake ciyar da 'yarsa.

Na dubi ɗana na ga gumi a goshinsa. Ya juyo da Hausa ya ce, "Kawu, wallahi kunya nake ji. Mun ci abincinsu, sun biya mana mota."

Na ce, "Ɗana, tashi. Kuɗin shayi nawa ne? Mu biya su."

A nan ne na ga inda tarkon ya fi dacewa da irinmu. An rene mu a kan cewa kowa ya ci ladan kuturu sai ya yi masa aski, kuma ba a kallon idon wanda ya karrama ka a ce masa a'a. Halin kirki ne, ba na so mu rabu da shi. Amma waɗannan mutane sun auna shi sun sa masa farashi. A babbar kasuwar Birnin Kebbi in ka taya, mai kaya ya ce albarka, kana iya tafiya ka zagaya rumfa biyar ka dawo, ko ka ce sai ka kwana da maganar. Dillalin fili ma ya san za ka je ka tambayi mai unguwa da maƙwabtan filin. Lokaci na mai saye ne. A zauren nan lokacin ne abu na farko da aka ƙwace. Minti 90 ya zama awa biyar, kuma ba mu san hanyar komawa ba sai da tasinsu.

Malaman zaurenmu sun daɗe da sanin wannan. A Risala ta Ibn Abi Zaid akwai cinikin zaɓi, inda ake sa wa'adin gwada kaya ko yin shawara, kuma ba a yarda a sharɗanta biyan kuɗi a cikin wa'adin ba. Tarayyar Turai ma ta kafa doka mai ƙarfi irin wannan a kan cinikin mako: kwana 14 na janyewa ba tare da faɗin dalili ba, kuma haramun ne a karɓi ko kwabo kafin su cika. Duk da haka manajan nan ya nemi a goga kati a ranar, ya kira abin da wani suna, wai shiga ƙungiyar masu hutu.

Ba banza aka yi dokar ba. A kudancin Tenerife ɗin nan ne John Palmer, Baturen Ingila da aka taɓa tuhuma da narka zinaren fashin Brink's-Mat na 1983 kotu ta wanke shi, ya kafa daularsa ta sayar da mako. A 2001 wata kotu a Landan ta ɗaure shi shekara 8 saboda damfarar dubban mutane, da yawansu tsofaffi 'yan fansho. A 2015 aka harbe shi a gidansa a Essex. Kuma zambar tana da zagaye na biyu, wanda ya fi na farko muni: wanda ya gaji da makonsa sai a bugo masa waya a ce an samo mai saye, ya turo kuɗin haraji da na lauya tukuna. A Meziko har ƙungiyar masu fataucin ƙwaya ta Jalisco ta shiga wannan sana'a, abin da ya sa Amurka ta ƙaƙaba wa wasu kamfanonin Puwerto Bayarta takunkumi a 2023.

Wani zai ce ina ruwan mutumin Badariya da wannan. To, wanda ya ga yadda aka yi rububin MMM kafin ta rufe a Disambar 2016, ko CBEX a 2025, ya san muryar: yi sauri, gobe an rufe, wane ma ya shiga. Ita ce kuma muryar mai kujerar Umara mai araha da ta rage saura biyu, da mai fulotai a bayan gari da ba ya son ka je ma'aikatar filaye. Yanzu kuma 'ya'yanmu suna Dubai da Ingila da albashi a hannu.

Ranar da za mu koma, a tashar bas, na zauna kusa da wata tsohuwa Baturiya mai sanda. Hira ta kai mu ga zauren nan, sai ta yi shiru, sannan ta ce ita da mijinta sun sa hannu tun yaransu suna makaranta. Mijin ya rasu, gwiwoyinta ba sa son jirgi, amma takardar biyan kuɗi ba ta taɓa fashin zuwa ba. Na gaya mata abin da ɗana ya binciko, cewa a 2015 Kotun Ƙolin Sifaniya ta soke irin kwangilar da ba ta da ranar ƙarewa, tunda doka ta iyakance ta ga shekara 50. Ta ce ta ji, har wasu sun bugo mata sun ce za su karɓo mata haƙƙinta in ta fara biya, kuma ba ta san wa za ta yarda da shi ba kuma. Abin da ke hana ta barci shi ne kada takardar ta koma kan 'yarta.

Ta tambaye ni ko a ƙasarmu ana gadon bashi. Na ce mata a wurinmu, kafin a sallaci gawa, akan yi cikiya ko akwai mai bin mamaci, kuma ba a raba gado sai an biya. Ta daɗe tana kallon hazon da ya rufe teku. Da bas ɗinta ya iso, ɗana ya ɗaukar mata jaka har ciki.