"Silence": Kalmar Da Muka Fara Ji A Bakin Monita

Yawancinmu ba a littafi muka fara haɗuwa da kalmar "silence" ba, a bakin monita muka ji ta. Da zarar malami ya fita, sai ya buga tebur ya ce "Silence!", ya ɗauko takarda ya fara rubuta sunayen masu surutu. Shi ya sa muka taso muna ganin ma'anarta ɗaya ce: ka ja bakinka ko ka sha bulala.

Sai da muka shiga babbar sakandare malamar Turanci ta warware mana ita. Asalinta daga harshen Latin ne, ta shigo Turanci ta hanyar Faransanci. "Silence" suna ne, wato shiru, "silent" kuma sifa ce. Harafin k a "knife" da b a "comb" ana kiran su "silent letters", domin ana rubuta su amma ba a furta su. Idan muka sa waya a "silent", tana nan a kunne, ƙara ce kawai ba ta yi. Akwai kuma shirun girmamawa: ranar 11 ga Nuwamba 1919 Birtaniya ta yi tsit na minti biyu don tunawa da waɗanda suka mutu a Yaƙin Duniya na Ɗaya, kuma har yau ana yi.

Malama ta ja mana kunne kan 'yar'uwarta "quiet", wadda ke nufin ƙarancin hayaniya. Kada mu rikita ta da "quite" a jarrabawa, domin musayar harafi ɗaya kan cinye maki. Daga ƙarshe ta rubuta wasu guda biyu a allo: "to silence someone", wato toshe wa mutum baki, da "to break the silence", wato fitowa a faɗi abin da kowa ke tsoron faɗa. Mun kwafa a littafi, muka wuce.

A wannan zangon akwai wani ɗan aji ɗaya a ɗakin kwananmu. Siniyoyi sukan ƙwace masa garin kwaki da sukari, su sa shi wanki har dare. Duk mun sani. Muka yi gum, muna ce wa kanmu ai kawaici ne. Da aka dawo hutu, gadonsa babu kowa. Mahaifinsa ya cire shi daga makarantar.

Ranar muka gane cewa shirun laburare daban, namu daban. Wancan natsuwa ce, namu kuwa tsoro ne. Ba monita ya rufe mana baki ba, mu muka rufe da kanmu. Da mutum ɗaya cikinmu ya je wajen malamin da ke kula da ɗakin kwana, wataƙila da yanzu yaron yana nan tare da mu.

Har yanzu muna yin shiru idan malami na magana. Amma idan muka ga ana zaluntar wani, ofis muke nufa.