Numfashin Tsohon Inji

Inji ma yana numfashi, kuma ba ta salansa kaɗai ba. Duk sa'ar da fetur ya kama wuta a saman fistin, akwai ɗan hayaƙin da ke sulalewa ta gefen zobban fistin ya gangara ƙasa, inda baƙin mai yake kwance. Sabon inji kaɗan yake saki. Tsoho kuwa, wanda zobbansa suka sha gogayya, nasa ya fi yawa. Hayaƙin nan ɗauke yake da ɗanyen fetur da tururin ruwa. In aka kulle shi a ciki sai ya dama man ya yi kauri kamar kunu, ya kuma yi ta tunkuɗar robobin da ke tare mai har su fara tsiyaya. Dole a ba shi ƙofa.

A da, ƙofar wani bututu ce kawai da ke leƙo ƙarƙashin mota, yana zubar da hayaƙin a kan titi. Sai da hazon hayaƙi ya addabi birnin Los Anjalas na Amurka, har masanin sinadarai Arie Haagen-Smit ya nuna a farkon shekarun 1950 cewa motoci na da babban hannu a ciki, sannan aka sake dabara. Daga motocin 1961 a jihar Kalifoniya, aka fara mayar da hayaƙin cikin inji ta tiyo domin ya ƙone tare da fetur, aka ɗora masa mai gadi: wani ɗan bawul da bai wuce babban yatsa ba, wanda makanikai ke kira PCV. A cikinsa akwai ɗan ƙarfe da sifirin. In mota na silo, zuƙar inji tana da ƙarfi, sai ya tsuke hanya. In aka taka totur sai ya saki.

Motar da mahaifinmu ya bar mana ƙirar Japan ce ta 1994, ta shigo hannunsa bayan ta gama yi wa wani Bature hidima. Ba mu riƙe ta don ado ba. Ita ke kai Inna asibiti duk ranar Talata, tafiyar da ba ta jure jiran motar haya da gwamutsin tasha. A hunturun da ya wuce motar ta fara kakkarwa in an tsaya, wani lokaci ta mutu a tsakiyar mahaɗa. Ƙaurin mai yana shigowa ciki har Inna ta riƙa rufe hanci da mayafi, ga wani siririn fito daga gaba. Garejin farko da yayana ya kai ta, hukunci ɗaya aka yanke: zobba sun gama, sai an sauke inji. Kuɗin da aka faɗa ya sa aka fara zancen sayar da ita a zaure, kuma kowa ya san in ta tafi babu wata a bayanta.

Inna ce ta ce a kai wa tsohon makaniken mahaifinmu, wanda ido ya fara gajiya amma kunne bai gaji ba. Ya sa na tayar da ita, ya tsaya ya karkata kai kamar mai sauraren kiran salla daga nesa. Sannan ya ɗora yatsa a kan wani abu a murfin saman inji, abin ya yi lilo kamar haƙorin da ya kusa fita.

"Ɗana, zo ka taɓa."

"Baba, wannan ɗan abin?"

"Shi. Ba bawul ɗin ne ya mutu ba, mazauninsa ne."

Mazaunin wata 'yar roba ce mai kamar zobe, wadda bawul ke nutsewa a cikinta. Shekara talatin na zafi sun mayar da ita kamar busasshiyar ƙanzo, ta tsuke, ta tsage. Mai yana fesowa ta gefenta ya gangara kan ƙarfen salansa mai zafi, ga ƙaurin. Bakin tiyon da ke kan bawul shi ma ya dare, inji yana zuƙar iskar da ba a auna da fetur ba, ga kakkarwar da fiton. Abin da ya fi damun Baba kuwa ƙura ce, domin iskar da ta bi ta nan ba ta ratsa matatar iska ba. A watan hunturu, wannan tamkar ɗura wa inji rairayi ne da cokali.

Ya zare bawul ya girgiza shi kusa da kunnensa, ya ji ƙaras-ƙaras, alamar ɗan ƙarfen ciki bai maƙale ba. Ya wanke shi da fetur, ya aike ni Ƙofar Ruwa na sayo sabuwar roba da guntun tiyo mai jure mai, a kuɗin da bai kai cefanen yini ba. Cire tsohuwar robar shi ne aikin. Tana farfashewa, kuma duk ɓarɓashin da ya faɗa ciki zai bi mai ya yi yawo. Da filaya mai tsinin baki da lanƙwasasshiyar waya ya yi ta lallaɓa ta, yana jera gutsattsarin a kan tsumma har suka haɗa cikakken zobe. Sai da ya ga babu giɓi ya goge ramin. Ya fara zaunar da robar ita kaɗai, ya shafa mata ɗigon mai, sannan ya danna bawul har ya nutse, ya ɗaure tiyo da kilif.

Na tambaye shi dalilin da wasu ke toshe tiyon da kusa ko tsohon fulogi su huta. Ya ce fiton zai ɗauke, mai mota ya biya yana murna, bayan 'yan watanni mai ya ɓalle ta wani wurin da sai an sauke giya kafin a kai gare shi. Na sha ganin irin wannan toshiyar a motocin haya, kuma a ganina ba jahilci ne ke kawo ta ba; gaggawa ce, da mai mota da ke tsaye a kan makanike yana duba agogo.

Da aka tayar, allurar silo ta tsaya cak. Baba bai ɓoye mana cewa zobban sun tsufa ba. Ya ce za su nemi gyara wata rana, amma ba bana ba, in dai ana canza mai a kan kari. Ya ce duk canjin mai in kama bawul ɗin in jijjiga, in ya motsa in dawo. Talatar da ta biyo baya Inna ta sauke mayafinta tun kafin mu fita unguwa, ta yi barci har ƙofar asibiti.