Kunne Biyu, Baki Huɗu

Ya ku 'yan'uwana masu koyon aikin malanta, kun san kunnen malami biyu ne, yaran aji kuwa wani lokaci har 60. To, kwamfuta ma tana da irin wannan wahala.

Akwai wata kafa a jikinta da ake kira siriyal, watau inda saƙo ke wucewa ɗai-ɗai, kamar awaki a ƙofar garke. A Amurka aka tsara ƙa'idarta cikin 1960, aka sa mata suna RS-232.

Sa'ad da nake gwajin koyarwa a Azuba, kusa da Lafiya, hedimasta ya so a aika wa iyaye sakamakon jarrabawa ta waya, domin takarda takan ɓace tsakanin makaranta da gida, tun ba ma in jan biro ya yi mata yawa ba. Muka aro modem 4, kowane da layinsa, kwamfuta tana magana da kowane ta kafarsa. Aka ce ni zan rubuta manhajar.

Ga inda gizo ke saƙar. Shi modem, sai ka faɗa masa lambar waya, ka jira ya amsa, sa'an nan ka ba shi saƙo. In manhaja ta tsaya jiran na farko, sauran ukun sun yi zaman banza. In kuwa ta yi gaggawa ta sarƙe kafofin, sai sakamakon ɗan wani ya tafi wayar uban wani, yaro ya sha bulala ba laifinsa. Jinkiri ma da nasa haɗari. Tsohuwar kafa harafi 16 kaɗai take riƙewa. In 960 ke shigowa a daƙiƙa, kafin ƙiftawar ido ta cika, saura ya zube.

Dabarar aji na ɗauko. Na naɗa wa kowace kafa monita, watau wani ɗan yanki na manhaja wanda ba ruwansa da kowa sai kafarsa, lamba da saƙo kuma a ɗaure tare ake miƙa masa. Wasu gwanaye sun fi son mai tsaro ɗaya wanda kafa za ta ɗaga wa hannu, amma ni dai kafa 4 ba ta kai a yi wannan wahala ba.

Na kuma yanka wa kowane modem daƙiƙa 30. Wanda ya yi shiru ya wuce haka, sai a karɓe saƙon a ba na kusa da shi, a rubuta sunan yaron domin hedimasta ya duba da safe.