Wanda Ake Aikawa Karɓo Bashi

Hausawa sun ce bashi hanji ne, yana cikin kowa. Wannan magana gaskiya ce, domin da wuya a sami magidanci ko uwargida da za su bugi ƙirji su ce babu mai bin su ko sisin kwabo, su ma ba sa bin kowa. Sai dai in ana zancen bashi mutum biyu kawai ake tunawa, wato wanda ya bayar da wanda ya ci. Akwai na uku da ba a cika kulawa da shi ba, shi ne wanda ake turawa ya karɓo. Kuɗin ba nasa ba ne, bai kuma ci ko anini a ciki ba, amma shi ake ɗaure wa fuska, shi ake aiko wa yaro ya ce mai gidan ya fita, alhali ga kekensa nan a jingine a zaure.

Mu malaman makaranta mun san wannan mutum ta fuska biyu. An sha aiko mana shi, mu ma an sha aiken mu. A makarantar sakandaren da muke koyarwa akwai ƙungiyar tsimi da tanadi ta ma'aikata, kuma mun shekara takwas muna riƙe da littafinta, wato mu ne masu bin waɗanda suka ci rance su biya. Abin da muka gani a cikin waɗannan shekaru shi ya sa muka ga ya kamata mu ɗan yi bayani ga 'yan'uwa marubuta, musamman ganin cewa a yawancin labaran da muke rubutawa mai karɓar bashi ba ya fitowa sai a matsayin azzalumi mai jajayen idanu, wanda ya zo kwashe wa marayu gado da tukwane.

Masu wannan aiki iri-iri ne. Akwai yaron kanti a Kantin Kwari, wanda maigidansa kan tura da yamma ya zaga wurin waɗanda suka ɗauki atamfa ko shadda da alkawarin sai sun sayar. Akwai uwar adashe, wadda take aika 'yarta gida-gida karɓo zubi, kuma in wata ta kwasa ta daina zubawa, ita uwar adashen ce za ta ciko daga aljihunta. Akwai dillaliya, akwai ma'ajin ƙungiya irinmu, akwai ma'aikacin banki da lauya da masinjan kotu. Har gwamnati tana da nata. A 1994 gwamnatin Janar Sani Abacha ta kafa doka mai lamba 18, wadda ta samar da kotuna na musamman don ƙwato basussukan bankunan da suka durƙushe. A 2010 kuma, bayan rikicin bankuna na 2009, aka kafa hukumar AMCON, wadda ta sayi basussukan da bankuna suka kasa karɓowa, ta koma tana bin waɗanda suka ci da kanta. Tsakanin yarinyar uwar adashe da jami'in AMCON akwai tazara mai yawa, amma aikin nasu guda ne, wato mayar da haƙƙi ga mai shi.

Abu na farko da wannan aiki yake bukata shi ne rubutu. Duk wanda ya yi karatun allo ya san cewa aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan bashi take, kuma abin da ta yi umurni da shi shi ne a rubuta, a kafa shaidu. Mun ga hikimar haka a aikace. A littafinmu kowane rance yana da ranar da aka karɓa, da yawansa, da sunayen mutum biyu da suka tsaya wa mai karɓa, da abin da zai riƙa biya duk wata. Alal misali, wanda ya ɗauki naira 120,000 zai biya a wata goma, ya san 12,000 ne duk ƙarshen wata, ya kuma sa hannu a kan haka. Mai karɓar bashin da ya je wurin mutum yana cewa "kamar dai dubu arba'in ne ko hamsin" ya riga ya faɗi tun kafin a fara magana, domin mai taurin bashi kokwanto yake nema ya fake da shi. Haka kuma duk abin da aka ba ka, ko da naira 500 ce, sai ka rubuta a gaban mai biya ka ba shi rasit. Mafi yawan rigingimun da muka gani tsakanin abokai sun faro ne daga kuɗin da aka miƙa a bakin hanya ba a rubuta ba.

Na biyu shi ne sanin lokaci. Kowane mai sana'a yana da ranar da hannunsa yake da danshi. Ma'aikaci ranar da albashi ya shigo da kwana biyu bayanta, manomi da kaka, ɗan kasuwar ƙauye da yammacin ranar kasuwa. Wanda ya je wa malamin makaranta ran 20 ga wata, ko ana saura mako guda Salla, ko lokacin da yara za su koma makaranta, ya wahalar da ƙafarsa a banza, ya kuma jawo wa kansa baƙin jini. Akwai kuma wuraren da ba a tayar da zancen ko da kuɗin suna nan, kamar gidan makoki da taron suna da gaban surukan mutum ko 'ya'yansa.

Na uku, wanda ya fi sauran wuya, shi ne gane irin mutumin da ake bi. A ganinmu masu jinkirta biya kashi uku ne. Akwai wanda hidima ta sha masa kai ya manta, shi tuni kawai yake bukata, kuma in aka matsa masa an ɓata da mutumin kirki. Akwai wanda yake son biya amma babu, ko dai rashin lafiya ta shigo gida, ko an yi wata biyu ba a biya albashi ba. Akwai kuma mai taurin bashi, wanda yana da shi amma ya ɗauki abin mutane ganima. Gane su ba a baki ake yi ba, domin na ukun ya fi na biyun iya marairaicewa. Abin da muka lura shi ne, wanda babu ta hana shi yakan riga ka zuwa, ya kawo ɗan abin da ya samu yana jin kunya. Mai taurin bashi kuwa ba ya rasa sabuwar rana, kuma kowace ranar da ya sa tana zuwa da sabon labari. Na biyun sai a zauna da shi a sake tsara biyan, a mai da wata goma ya zama goma sha biyar. Na ukun kuwa sai a kira waɗanda suka tsaya masa, domin kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski.

Sai kuma iya magana. Ba a fara zancen bashi sai an gama gaisuwa sarai, an tambayi iyali da gajiya. Idan wanda ake bi ya girme ka, ko shugabanka ne a wurin aiki, akan ce, "Ranka ya daɗe, kwamiti ne suka ce in zo in gaishe ka, in kuma tuna maka ɗan alkawarin nan." Ambaton kwamiti yana ɗauke nauyin daga kanka, ya kuma bar wa dattijo ƙofar fita da girmansa. In sa'anka ne kuwa, sai ka jawo shi gefe, nesa da ɗakin malamai, ka nuna masa shafinsa ya gani da idonsa. Ɗaga murya ba ya fito da kuɗi. Wanda aka tozarta a bainar jama'a yakan ga cewa an riga an karɓi bashin da mutuncinsa, daga nan sai ya ƙeƙasa ƙasa.

To, wane nauyi ne a kan mai wannan aiki? Akwai haƙƙin wanda ya aiko shi, akwai kuma haƙƙin wanda aka aike shi wurinsa. Na farkon amana ce. Kuɗin da aka karɓo ba sa kwana a aljihu, domin kuɗin da suka kwana sukan sami hidima kafin gari ya waye. Haka kuma mai karɓa ba shi da ikon yafe abin da ba nasa ba. A nan ne mutane da yawa ba sa fahimtar mu. Sukan ce wane ba shi da tausayi, ya tsare abokinsa a kan kuɗi. Sun manta cewa abin da ke cikin asusun ƙungiya gumin mutane ne, har da maigadi da masinja da mai shara, waɗanda suke tsame ɗan abin da suke samu suna ajiyewa. Duk watan da wani ya ƙi biya, akwai wanda yake kan layi yana jiran rance don kai matarsa asibiti ko biyan kuɗin haya, kuma shi za a ce wa ya dawo wata mai zuwa. Kunyar da muka ji ta mai taurin bashi, wannan bawan Allah ne yake biyan ta. Adashe da ƙungiyoyi da yawa kunya ce ta kashe su, ba ɓarawo ba. Shi ya sa muke tuna wa kanmu cewa sabo da kaza ba ya hana yanka ta.

Haƙƙin wanda ake bi kuwa shi ne a rufa masa asiri, kada a ƙara masa ko kwabo a kan abin da aka rubuta, kada kuma a ɗauki doka a hannu. Mai karɓar bashi ba shi da ikon shiga gidan mutum ya ɗauke babur ko keken ɗinki sai da umurnin kotu. Kai ƙarar bashi wurin 'yan sanda ma, duk da ya zama ruwan dare, doka ba ta yarda da shi ba. Dokar gudanar da shari'ar manyan laifuffuka ta 2015 da dokar 'yan sanda ta 2020 duk sun hana a kama mutum saboda saɓa yarjejeniya kawai, sun kuma hana a kama ɗan'uwa ko mata a madadin wanda ake nema. Hanyar da ta rage in sulhu ya gagara ita ce kotu, ko ta Musulunci, ko kotunan ƙananan basussuka da aka buɗe a Legas a 2018, a Kano kuma a 2019.

Muhimmancin wannan iyaka ya fito fili lokacin da kamfanonin ba da rance ta waya suka yawaita. Yawancinmu mun taɓa samun saƙo daga lambar da ba mu sani ba, ana kiran wani da muka sani ɓarawo, saboda ya yi jinkirin biyan 'yan dubbai. Manhajar ce take kwashe lambobin da ke cikin wayar wanda ya ci bashin, sannan a aika wa surukansa da ɗalibansa da limamin unguwarsu. A watan Maris na 2022 hukumar kare haƙƙin masu saye ta tarayya, wato FCCPC, ta kai samame ofisoshin wasu daga cikinsu a Legas, a 2023 kuma kamfanin Google ya hana irin waɗannan manhajoji leƙa lambobi da hotunan mutane. Su ma bankuna sun sami tasu hanyar, domin a watan Agusta na 2020 Babban Bankin Nijeriya ya fara wani tsari da ya ba banki damar cire bashinsa daga asusun mutum da ke wani bankin, ta amfani da lambar BVN, in ya sa hannu a kan haka tun farko. Wannan ya toshe wa masu taurin bashi hanya, amma na'ura ba ta iya bambance kashi ukun nan da muka ambata. Har yanzu sai mutum ne zai dubi mutum ya gane cewa babu ce ta hana shi.

Aiki mafi nauyi da ya taɓa faɗo mana shi ne bashin mamaci. Kowa ya san yadda akan yi shela a wurin jana'iza cewa duk mai bin marigayi ya ga wane, kuma ba a raba gado sai an biya bashi. Duk da haka, ɗaukar littafi a tafi gidan abokin aiki bayan an share makoki abu ne da ƙafa take ƙin yi. Abin da ya sa muke zuwa shi ne, yin shiru ba taimakon mamacin ba ne. Mukan nuna wa magada lissafin, a fara cire abin da ya tara a ƙungiya, in akwai saura a kai maganar gaban taron 'yan ƙungiya, su da suke da haƙƙin yafewa. Ba mu taɓa ganin an kai irin wannan magana taro an tashi ba a sauke wa marayu ba.

Daga ƙarshe, muna tuna wa 'yan'uwa cewa marubuci ma mai karɓar bashi ne, ko ya so ko bai so ba. Tun daga shekarun 1980, lokacin da marubutan Hausa suka fara buga littattafansu da kuɗin aljihunsu, hanyar ita ce a kai wa masu sayarwa, sai an sayar a zo a karɓi kuɗi. Wanda bai ƙirga kwafi nawa ya bayar ba, bai rubuta a takarda biyu an sa hannu ba, bai kuma sa ranar dawowa ba, yakan wayi gari littafinsa ya ƙare a kasuwa amma ba shi da kuɗin buga na biyu. Saboda haka masu shirin fitar da littafi su koyi riƙe lissafi kamar yadda suke koyon ƙa'idojin rubutu. In kuma za su sa mai karɓar bashi a cikin labari, to su tuna cewa shi ma yana da maƙwabta da yake jin kunya, yana da wanda zai koma ya yi wa bayani, wataƙila kuma a gida akwai wanda yake zaune a zaure yana jiran sa da nasa littafin. Allah ya rufa mana asiri, ya ba mu ikon sauke haƙƙin mutane.