Nauyin Kwaɗo Ba Shi Ne Tsaro Ba

Idan na samu sarari daga aikin sakatare, abin da ke ɗebe mini kewa shi ne buɗe kwaɗo ba tare da makulli ba. Nawa kawai nake taɓawa, waɗanda na sayo a kasuwannin Wuse da Dei-Dei. Na wani kuwa, sai da izininsa.

A cikin kwaɗo akwai 'yan ƙusoshi, galibi huɗu zuwa shida, waɗanda makulli ke ɗagawa daidai kafin ya juya. Linus Yale na Amurka ne ya inganta wannan tsari a 1865. Kwaɗo mai araha ƙusoshinsa sumul suke, ba ya wahalar da gwani. Mai kyau kuwa ana sa masa masu siririn ƙugu kamar kalangu. Sai ka ji kamar zai buɗe, ashe cijewa ya yi.

Don haka masu shaguna, kada nauyi da ƙyalli su ruɗe ku. Ku tambayi mai yankan makulli kafin ku saya. Ku kuma duba ƙarfen da kuke rataya kwaɗon, domin ɓarawo ya fi gane wa guduma.

Allah Ya tsare mana dukiyarmu.