Kalmar da Zamani Ya Ƙi Ɗauka

Sifar Ingilishi "time-honoured" tana nufin al'adar da daɗewarta ta jawo mata girma. Sinawa masu koyon Ingilishi ba sa shan wahalarta, domin da ita hukumominsu ke fassara "laozihao", lambar girmamawar da ake ba tsofaffin gidajen sana'a irin su Tongrentang, gidan magani na birnin Beijing da aka kafa a 1669. Wahalar ta faɗo ne a kan wani tafinta mazaunin Unguwa Uku, ranar da Basinen da yake koya wa Hausa ya nemi takwararta.

Da farko ya gwada bin kalmar gaɓa-gaɓa: abin da zamani ya girmama. Nan take ya ji ma'anar ta juye. A kunnen Bahaushe, abin da zamani ya ɗaukaka shi ne abin yayi, kuma zamani riga ne, sa shi ake yi a tuɓe. Sai ya koma ga "gargajiya". Ita kuwa tsufa take nunawa, girman bai zama dole ba; wanda aka kira ɗan gargajiya a layin asibitin Malam Aminu Kano da ke kusa da Gyaɗi-Gyaɗi ya san ba yabonsa aka yi ba.

A kan "gado" ya tsaya, kuma da gaskiyarsa. Marinar Ƙofar Mata, wadda ake danganta kafuwarta da 1498, masu ita sana'ar gado suke kiranta, haka ma wanzami da maƙeri da mahauci a kasuwar Tarauni. Sai dai kalmar tana da sharaɗin da ta Ingilishi ba ta da shi: magaji. Bature ya jingina darajar ga shekaru, Bahaushe ya ɗora ta a wuyan mutum mai rai, wanda ya karɓa daga ubansa kuma ake jiran ya miƙa. Ranar da ɗa ya ƙi karofi, ramin ya zama kufai, kome yawan shekarunsa.

Wannan bayani bai yi wa tafintan daɗin faɗa ba, domin ɗalibin nasa dillalin atamfa ne a Kantin Kwari, kuma irin hajarsa mai araha na cikin abin da marinan Kano suka daɗe suna kuka da shi. Basinen ya rubuta kalmar a littafinsa, sannan ya tambaya: "Malam, idan babu magaji fa, me ake ce mata?" Tafintan ya ce, "Sai a ce ta mutanen da."